Ƙofa Mai Faɗin Makara

Ga wata magana na kawo muku, ku saurare ta da kyau, don a ƙarshe ku za ku yanke ta. Ni Hansai, matar marigayi Malam Sidi na Rafin Ɗinya, na rasa ɗorawa, na samu ƙofa. Ɗorawar ta girme ni, ta girmi mijina, kuma da kalwarta nake daddawar da aka san ni da ita a kasuwa. Ƙofar kuwa ta ƙarfe ce, an shafa mata koren fenti, ba ta inuwa, ba ta 'ya'ya. Masu cewa an cuce ni suna nan, masu cewa ni na matsa wa mutane su ma suna nan. Ba wannan na kawo muku ba. Maganar makulli na kawo, amma sai kun ji yadda aka faro.

Ƙauyenmu yana gabas, maƙabartarmu tana yamma, a ƙetaren kwalta. Tsakaninsu da can gonaki ne, da wata 'yar hanya da ta bi ta gindin ɗorawarmu. Duk wanda ya mutu a Rafin Ɗinya, ta nan aka wuce da shi.

Sai wani kamfani ya zo yana sayen gonaki, zai gina gidaje a jere ya sayar wa ma'aikata. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da Malam, ni na zauna cinikin. A wajenmu gona daban, itace daban. In ka sayar da gona ba ka ambaci itacen da ke cikinta ba, itacen yana nan naka, kai za ka riƙa zuwa kana ɗibar amfaninsa. Ni ban tsaya a nan ba, na faɗa da bakina a gaban mai unguwa da shaidu: gona na sayar, ɗorawa ban sayar ba. Mutumin kamfani ya yi dariya ya ce, “Inna, ki riƙe itacenki, ai ado ne.” Na ce, hanyar maƙabarta fa? Ya ce za a bar ƙaramin get ta wajenmu, babba ta wajen kwalta, a riƙa wucewa. Aka yi haka. Kamfani ya gama gini, ya sayar, ya tattara ya tafi. Gidajen suna da wani suna na Turanci a bakin get, mu dai Bayan Katanga muke ce musu.

Mutanen da suka tare suka kafa kwamiti, kwamiti ya kafa dokoki. Ba a kiwon kaza, ba a kiwon akuya. Ba a girki da itace. Ba a shanya a kan katanga. Ba a talla. Ɗan acaɓa ya sauke ka a get, ka ƙarasa da ƙafa. Fentin gida iri ɗaya, wanda ya sake launi sai ya goge. Shara tana da ranarta. Ma'aikaci daga waje ba ya shiga sai mai aikin ya ce a bar shi. Ni ban ga laifinsu a yawancin wannan ba, gidajensu ne, da guminsu suka saya. In mutum ya zaɓi ya zauna inda ba zakara mai tashe shi da asuba, ina ruwana? Amma da aka sace wa wani injin jan ruwa, sai suka ƙara wata doka: ba a ratsawa. Wanda ba cikin gidajen ya nufa ba, ya zagaya.

Ba mu san nauyin wannan doka ba sai ran da Malam ya cika. Da damina ne, an kwana ana ruwa. Mu mata muna gida, ƙanensa ne ya ba ni labari. Sun iso ƙaramin get da makara a kafaɗa, suka tarar da shi a kulle. Shugaban masu gadi yana tsaye daga ciki. Sunansa Tanimu, ɗan ƙauyenmu ne, na goya shi a bayana lokacin da uwarsa ke jinya. Aka ce ya buɗe, ya ce sai ya tambaya. Ya kira ciyaman ɗin kwamiti a waya, wani lauya, Barista Nafi'u. Ciyaman ya ce doka ba ta ware kowa ba. Tanimu ya tsaya da makulli a hannu yana hawaye, bai buɗe ba.

Suka zagaya. Zagayen nan sai an sauka wani kwazazzabo an hau, sannan a bi gefen kwalta manyan motoci suna watso ruwa. A kwazazzabon nan ƙafar na gaba ta zame, makara ta karkata, likkafanin Malam ya taɓa laka. Mutumin da ko zuwa gona zai yi sai ya sa wankakkiyar riga, da laka a jikin likkafani aka kai shi. Samarin ƙauye suka dawo suka girgiza get ɗin nan har ya kusa cirewa. Kwamiti suka ga haka, suka toshe shi da bulo gaba ɗaya, suka kafa tankin ruwansu a wurin.

Ban ce komai ba har na fita takaba. Da ɗorawa ta nuna, na ɗauki gorata mai ƙugiya, na kira matan da ke taya ni, muka zagaya ta babban get muka shiga, don itacen nawa ne, ba wanda ya isa ya hana ni. Muka kaɗe, muka tara, muka zauna a gindinta muka ci ɗumame.

Nan ƙorafi ya tashi. Gidan da ke dab da ɗorawar, a kusurwar katanga, na Hajiya Furera ne, shugabar makaranta ce da ta yi ritaya. Ita ta fara kai ƙara. Ta ce in itacen ya yi fure jemagu ke cika shi, su ɓata mata mota da shanya. Ta ce saiwa ta ɗaga mata simintin tsakar gida, ta fasa mata bututun ruwa. Duk gaskiya ne, na gani da idona. Amma ta ƙara da cewa matan ƙauye suna kwaso musu datti da warin daddawa, kuma a kunnena ta faɗa. Na ce, “Hajiya, miyar da kika ci jiya da turare aka kaɗa ta?” Ta shige gida ta ja ƙofa.

Kwamiti suka aiko in sayar musu da ɗorawar su sare. Suka faɗi kuɗi, na ce a'a. Suka ƙara, na ce a'a. Suka ce za su gina mini shago a bakin get. Na ce ku da kuka hana talla? Daga ƙarshe Barista Nafi'u ya zo da kansa har ƙofar ɗakina, ya cire takalmi ya zauna a tabarma.

Ya ce, “Mama, mun yi shawara. Kujerar Makka za mu biya miki bana.”

Na ce, “Allah ya kai mu. In na je na dawo, ta ina za a wuce da ni in na mutu?”

Ya ce to in faɗi ko nawa nake so.

Na ce, “Ɗan nan, ba kuɗi na rasa ba. Hanya kuka toshe, hanya za ku buɗe. Ƙofa nake so.”

Ya ce wannan ba ya hannunsa. Na ce to gatari ma ba ya hannunsa. A ƙauye har 'yan'uwana suka ce na haukace, mace ta ƙi Makka saboda itace. Na bar su suna faɗa.

Yanzu ga mutum uku, ga abin da kowannensu ya yi. Ku riƙe su da kyau.

Na farko Tanimu. Wasu 'yan kwamiti suka gaji da ni, suka ce a sare kawai, in ya so tsohuwa ta kai ƙara inda za ta kai. Suka jira ranar kasuwa, ranar da kowa ya san ba na gari, suka ɗauko masu injin yankan itace a bayan mota. Tanimu yana babban get. Ya tambaye su aikin wa za su yi. Suka ce ɗorawa za su sare. Ya ce dokar nan ta ce ma'aikaci ba ya shiga sai mai abin ya yarda, ɗorawa kuwa ta Gwaggo Hansai ce, ba ta ce a bar su ba. 'Yan kwamitin suka fito suka yi masa tsawa, suka ce su ke biyansa. Ya ce ya sani. Ya sa makulli a aljihu, ya zauna a kan bencinsa, rana tana dukansa, suna zaginsa, har masu injin suka gaji suka juya. Kashegari aka sauke shi daga shugabancin masu gadi, aka rage masa albashi, aka mayar da shi gadin tanki, shi da ke da iyali da uwa tsohuwa. Da ya buɗe a ranar nan, da na dawo kasuwa na tarar da kututture, da ba ni da abin ciniki, da ba ƙofa. Wannan ba musu. Amma hannun nan da ya riƙe makulli ya hana masu inji, shi ne ya riƙe shi ya hana Malam. Kullum ya gan ni sai ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, ki yafe mini.” Na ce na yafe, amma ban manta ba. Har yau ban sani ba, ni ya tsaya wa a ranar, ko doka ya sake bi, ta faɗo a wajena.

Ta biyu Hajiya Furera. Da aka fara maganar ƙofa, sai aka ga ba inda za a huda. Tsohon wurin tanki ya cinye shi, sauran katangar duk bayan gidajen mutane ne, kowa ya ce ba ta nasa ba. Magana ta tsaya, ruwa ya sake sauka, aka sake zagayawa da gawar wata tsohuwa ta kwazazzabo. Sai Hajiya Furera ta aiko a kira ni. Na ce in ita ke nema, ta san ƙauye. Ta zo kuwa, da takalminta mai tsini yana nutsewa a laka. Ta ce za ta ja katangar gidanta baya, ta ba da gefe ɗaya hanya ta wuce. A gefen nan take da 'yar rumfar da take shan iska, da lemo da gwaibar da ta dasa da hannunta. Duk ta sa aka tumɓuke, ba ta karɓi ko sisi ba, kuma ta san daga ranar duk gawar da za a fitar daga Rafin Ɗinya ta ƙarƙashin tagarta za ta bi. Ba don ita ba, da ko kowa ya yarda, ba wurin da za a kafa ƙofa. Wannan ma ba musu. Amma ba ta ɓoye mini dalilinta ba. Ta ce, “Iya, ni dai in rabu da jemagun nan in yi barci.” Na ce, “Da ba jemagu fa?” Ta ce, “Da ba ki gan ni a nan ba.” Na ji daɗin gaskiyarta, ban ji daɗin maganar ba. Ba ta taɓa janye abin da ta faɗa a kan matan ƙauye ba.

Na uku Barista Nafi'u. Ga wuri ya samu, amma doka tana nan, kuma ba ta sauyawa sai yawancin masu gidaje sun ɗaga hannu. Aka kira taro a filin masallacinsu, aka ba ni kujera a gefe. Na ji abin da na ji. Wani ya ce ɓarayi za a buɗe wa hanya. Wata ta ce 'ya'yanta za su riƙa ganin gawa suna firgita. Wani ya ce darajar gidaje za ta faɗi, wa zai sayi gidan da makara ke bi ta ƙofarsa? Na ce a raina, kai ta sama za a fitar da kai? Magana ta kusa mutuwa, sai Barista ya miƙe. Ya ce shi ya rubuta dokar, shi ya fi kowa sanin abin da ta haifar. Ya ce duk abin da ya ɓace ta dalilin ƙofar nan, daga bokiti har mota, a zo gidansa a karɓa, ya ɗauka a wuyansa a gaban kowa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da suna, waɗanda ya taɓa tsaya wa a kotu da waɗanda ya sasanta da maƙwabtansu, har kunya ta sa suka ɗaga hannu. Da ƙyar aka rinjaya. Waɗanda suka sha kaye ba su bar wurin ba sai da suka ce tunda ciyaman ya zama lauyan ƙauye, a zaɓi wani. A zaman nan aka cire shi. Ba don shi ba, da ga itace a tsaye, ga wuri, amma ba izini. Wannan ma ba wanda zai yi musu. Amma muryar da ta ce doka ba ta ware kowa ba, Malam yana kafaɗar mutane ruwa yana zuba, tasa ce. Ya rasa kujera saboda ni, ya ɗauki nauyin da ba wanda ya ɗora masa, amma bakinsa bai taɓa buɗewa ya ce mini ki yi haƙuri ba. Ko sau ɗaya.

Kada ku ɗauka da ɗaga hannu aka gama. Sabon kwamiti suka kawo magini, ya auna wata 'yar ƙofa da mutum ɗaya zai bi a karkace. Suka ce ai ƙofa na ce, ga ƙofa. Ban yi gardama ba. Na je wajen liman na ari makarar masallaci, na samu maza huɗu masu kafaɗa, suka ɗauko ta ba kowa a ciki, muka zagaya ta babban get da rana tsaka, muka bi layi-layi, mutane suna leƙowa ta taga suna salati. Muka ajiye ta a inda magini ya ja layinsa.

Sabon ciyaman ya iso da sauri ya ce, “Mama, wannan wane irin abu ne? Wa ya mutu?”

Na ce, “Ba kowa tukuna. Awo muka zo yi.”

Ya ce, “Ai da kin faɗa, muna da abin awo.”

Na ce, “Naku na ɗaki ne. Wannan shi ne namu. In kuna son a gwada da nauyi, sai in hau.”

Maginin ya juya baya yana dariya, ya goge layinsa, ya sa mazan nan suka ɗaga makara, biyu dama biyu hagu, ya auna daga kafaɗa zuwa kafaɗa, na ce ya ƙara taki ɗaya saboda masu karɓa. Ya ƙara.

To ga farashin da na sallama a kai, na faɗa a gaban mai unguwa da liman da kwamitinsu. Ƙofa mai faɗin makara da masu ɗaukarta. Mai rai ya ci gaba da zagayawa, ban roƙar wa kowa hanyar kasuwa ba, amma gawa da mace mai naƙuda da mara lafiya, a buɗe musu ko wane lokaci ne, ba tambaya, ba kiran waya. A bar ni in kaɗe ɗorawata karo na ƙarshe kafin a sa mata inji. Sannan makulli. Sun dage ƙofar ta ciki za ta riƙa kulluwa, makulli ɗaya tak, a hannun wanda ke kwana cikin katanga. Na ce na yarda, amma ni zan faɗi wanda zai riƙe, kuma in na faɗa ba mai sauyawa. Suka kai suka kawo, suka yarda. Ban karɓi kuɗi ba, ban karɓi shago ba, ban karɓi kujera ba.

Na kaɗe ta, aka sare ta. Ban je na gani ba, ina ɗaki na ji faɗuwarta, har kwanukana suka motsa. Kalwar ƙarshe tana cikin tulu, ban dafa ba, ban sayar ba.

Yanzu makullin yana ɗaure a bakin zanena, kwamiti suna jiran suna. Mai unguwa ya ce in ba Barista, shi ke da bakin da za a ji in wani ya taso da sabuwar doka. Amma yau yana wannan gari, gobe yana wancan, kuma ba kujera a ƙarƙashinsa. Liman ya ce in ba Hajiya Furera, ƙofar a jikin gidanta take, ba ta zuwa ko'ina. Amma jemagu sun tafi, me ya rage da zai tashe ta daga barci saboda matan ƙauye? Ƙanen Malam ya ce in ba Tanimu, a cikin katanga yake kwana gadi, namu ne, ya san kowace gawa da sunanta. Amma ɗan albashi ne, wanda ya sauke shi jiya yana iya korarsa gobe, kuma na ga abin da yake yi in aka ce masa doka.

Ni gwiwoyina sun fara gaya mini magana. Ba na tsammanin zan daɗe ban bi ta ƙofar nan ba, kuma ranar ba ni da bakin ciniki. Na sayar da itacen da ya fi ni shekaru don kada likkafanina ya taɓa laka. To ku faɗa mini, tsakanin wanda ya tsare itacen, da wadda ta ba da wurin, da wanda ya sa aka sauya dokar, wane ne a cikinsu ya cancanci in kwance makullin nan in sa masa a hannu?